Ruwan Farko a Bayan Katanga

Ran nan ina zaune a gindin mangwaro ina ɗaure ƙotar fartanya da ta tsage, sai ga 'ya'yan yayana sun shigo gona da fararen takalma, suna ɗaga ƙafa kamar masu tsallake kwata. Kamfanin robar da suke wa aiki a Sharada ya sallame su. Babbansu ya zagaya fangalin alayyafo, ya ɗauki hotonsa da waya, sannan ya ce, "Baffa, mu ma fa noman nan za mu shigo. Ai ba wani abu ba ne, ruwa ne da taki. Mun ga yadda ake yi a waya."

A lokacin bakin robar da nake ɗaurin da ita yana tsakanin haƙorana. Da na gama kuma sun riga sun koma jifan mangwaro. Amma maganar ta tsaya mini a rai, har yau ba ta sauka ba. Wai ruwa ne da taki! To, tunda ruwa ne, bari in ba ku labarin ruwa, ku da duk wanda yake ganin noma shi ne abin da ake komawa idan komai ya ƙi.

Ni Garba, a gonar nan na buɗe ido. Gado ce, tana bayan Panshekara, tsakanin katangun kamfanonin Challawa da kogi. Sama tudu ne mai yashi, inda muke gero da dawa da gyaɗa da damina. Ƙasa kuma fadama ce, baƙar ƙasa mai danƙo, idan ka damƙe ta a hannu sai ta riƙe shatin yatsunka. A nan ake lambu da rani. Wata ƙorama ta gangaro daga cikin gari, ta bi gefen fadamar, ta wuce ta ɗan tsirin ƙasar da mangwaron nan yake, ta faɗa kogi.

Da Baba ya rasu an raba tudu, amma ba a raba fadama ba. Yayana Alhaji Ilu, uban yaran nan, ɗan kasuwa ne, a Dorayi yake zaune, kuma tun a zaman makoki yake so a sayar da ita, don masu kamfani suna ta aiko dillalai. Sai dattawan gida suka yanke cewa muddin fadama tana ciyar da gidajenmu, ba mai taɓa ta. Ranar da ta daina, a sayar a raba. Ni aka bar wa nomanta. Wato kowace shekara sai na nuna wa 'yan'uwana cewa ƙasar ubanmu tana nan da ranta, in ba haka ba ta tafi.

Aikin da na fara koya shi ne kai taki da bazara. Lokacin nan ne da rana take dukan mutum tun hantsi, ƙasa ta yi zafin da jaki ma sai ya riƙa ɗaga kofato. Za ka cika mangala da takin turke da tokar murhu, ka ɗora, ka kora jakin har gona, ka juye tsibi tsibi, ka koma. Idan na iso, Baba ba ya tambayata ko na gaji. Sai ya ce, "Me ka gani a hanya?" Idan na ce ban ga komai ba, sai ya karɓi sandar jakin ya ce in koma da ƙafa in gano. Haka na riƙa komawa ina zage-zage a zuci, har na gane abin da yake nufi. Gawon da ke bakin hanya ya fara zubar da ganye ko bai fara ba? Tsamiya ta fitar da sabon toho? Tururuwa suna kwashe kayansu daga gangare zuwa tudu? Iska daga ina take bugun kunnenka, daga gabas har yanzu, ko ta juyo daga kudu da ɗan danshi a cikinta? Ranar da na zo da gudu na ce na ga shamuwa ta sauka a kan kukar masallaci, bai ce sannu ba. Ya miƙe ya ce in ɗauko sungumi a kai wa maƙeri.

Wannan shi ne karatun bazara, kuma ba a waya yake ba. Bazara ba hutu ba ce kamar yadda kuke zato don kun ga tudu fayau. Ita ce lokacin sassabe, da tattara kututturan dawa a ƙone, da gyaran kan iyaka, da sussuka zangarniyar da aka rataye a rumbu don iri. A fadama kuma lokacin ne ake cire ragowar albasa, ana tatsar ƙarshen tumatir, ana lallaɓa alayyafo da latas su kai ga ruwan sama. Rijiya tana ja da baya kullum. Kwaɗi su shige cikin laka a gindinta su yi shiru, sai ranar da iska ta canza ka ji ɗaya ya gwada muryarsa. Balbela ta biyo ka fangali fangali tana tsintar abin da fartanya ta tono. Tsuntsun nan ragon maza ya yi ta kuka a cikin duhuwar bakin kogi. Duk waɗannan magana suke yi maka, idan kana da kunne.

Sungumi kuwa, ku da kuke ce masa sanda mai ƙarfe, ku zo ku riƙe shi wuni ɗaya. Tafiya ake da shi, sara da taku su tafi tare, ramin ya fito daidai zurfin da iri yake so, na bayanka yana jefawa yana rufewa da diddige. Ka zurfafa, gero ya ruɓe a ciki. Ka yi sama sama, kurciya ta gode maka. Kuma ba kowane ruwa ake bi da shuka ba. Akwai wanda zai zo da iska da tsawa, ya jiƙa fuskar ƙasa kawai, masu garaje su fita su zuba irinsu, sannan sama ta ɗauke, tsiron ya ƙone yana ɗan yatsa. Baba yakan tona da hannu. Sai danshin sama ya haɗu da na ƙasa sannan ya ce bismillah. Da jigo muka fara ban ruwa, kafaɗata ta dama har yau ta fi ta hagu sauka. Yanzu inji ne da tiyo, shi kuma ba ya tashi lalacewa sai ranar da ganye ya fi bukatarsa.

Masu saye ma sai ka koye su kamar yadda ka koyi ƙasa. Dillalan kasuwar 'Yankaba za su zazzage maka kwando, su nemo ruɓaɓɓe guda ɗaya a ƙasa, su ɗaga shi sama kowa ya gani. Da su ba a fushi, ana dai riƙe bakin kwando. Amma masu sayen da na fi ji da su su ne matan da ke dafa abinci a ƙofar kamfanoni, musamman Hajiya Talatu mai tuwo, wadda ma'aikata ke cika rumfarta idan an tashi. Ita ba ta taya kaya sai ta kai dami hanci ta shinshina.

"Malam Garba, na rijiya ne ko na ƙorama?"

"Hajiya, sau nawa zan gaya miki? Na rijiya ne."

"Zan dai tambaya. Cikin mutane nake zuba wa."

Tana da dalilin tambaya. Akwai maƙwabtanmu da ke jan ruwan kamfani suna ba ganye, don rijiyarsu ta ƙafe kuma ba su da halin haƙa wata. Ganyen yakan yi faɗi, ya yi kore shar har da baƙi baƙi, wanda bai sani ba shi zai fara zaɓa. Ni ban taɓa ba, kuma sunan da na yi ke nan a ƙofar kamfanoni: ganyen Garba na rijiya ne.

Yanzu ga maganar ruwan da kuka raina. A zamanin Baba akwai aikin da ake kira buɗe baki. A gefen ƙorama, a saman fadama, akwai wata 'yar mashiga da kakanninmu suka yanka. Ruwan farko mai ƙarfi idan ya sauka, yakan wanko gari gaba ɗaya: kashin awaki, tokar bola, ɓurɓushin turke, duk ya taho da su ja wur. Sai a fita cikin ruwan da shebur a buɗe mashigar, ya malale fadama, ya kwanta, ya bar mata abincin shekara. Ranar murna ce. Mu yara tsirara muke bin sa, washegari shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi mu cika kwano, ɗan jan ƙwaron nan mai laushi kamar karammiski ya fito yana yawo a kan yashi. Duk ƙasar Hausa inda ke da fadama da ƙorama, haka ake yi.

Sai katangu suka tashi a samanmu. Kamfanonin jima da na rini suka juyo da bututunsu cikin ƙoramar. Da rani ba ka ganin abin kirki, sai ɗan tsiyaya da farin gishiri a gefe, don suna tara ruwan a manyan ramuka a bayan katanga. Sun san idan suka sake shi a busasshiyar ƙorama kowa zai ga daga inda ya fito. Jira suke. Mu muna duban shamuwa, su ma suna duban hadari. Ranar da ruwan farko ya sauka da ƙarfi, sai su buɗe ramukan, na watanni ya fito lokaci guda, ya shige cikin ruwan Allah ya ɓuya. Wannan ba kuskure ba ne, dabara ce, mutum ne ya zauna a kujera ya tsara ta. Ruwan yakan zo baƙi da shuɗi shuɗi, da gashin fata da kumfa a kai, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ya isa kogi, kifi ya taso ciki sama.

Shi ya sa a wajenmu al'ada ta juye. Manomin ko'ina yana roƙon ruwan farko ya shigo gonarsa, mu muna roƙon ya wuce. Da na ga shamuwa, kafin in kai sungumi maƙera, sai in fara toshe baki. Buhunan taki da aka juye nake tarawa tun kaka. A cika su da yashi da laka, ba a cika su tam, don wanda ya cika tam ba ya kwanciya a jikin ɗan'uwansa. A jera su kamar bulo, bakinsu yana kallon gona, kowane layi ya hau gaɓar na ƙasa, a tattake, a yaɓe da laka, a kafa turaku a baya. Aikin kwanaki ne a cikin zafin da ko kare ba ya fita. Idan ka bar rami kamar na ɓera, ruwa zai same shi.

Shekarar da abin ya faru, na gama toshe baki da wuri, kuma ban taɓa yin mai kyau kamarsa ba. A bazarar ne Sa'idu ya zo. Ɗan kawuna ne daga wajen Ringim, taubashina, tun muna yara ba mu taɓa gaya wa juna magana ta tsaya a miƙe ba. Ni in ce masa baƙauye, shi ya ce mini bawansa. Na taɓa sa shi ya gaida gunkin tallan kaya a kanti, shi kuma ya taɓa aika ni ƙauyen da babu shi. Manomi ne na gaske, ya fi ni iya fadama, sai dai ambaliya ta cinye masa shinkafa, ya zo cin rani ya samu dako a wani kamfanin buhu. A shagon ƙofar gidana yake kwana. Ranar da ba shi da aiki sai ya biyo ni gona, ya karɓe fartanya yana cewa Kanawa ba su iya riƙe ta ba.

Ranar da ya ga buhunan, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kai bawana, wane mahaukaci ne ya toshe maka baki ana jiran ruwa?"

Na ce, "Ni ne. Sa'idu, ka ji da kyau, nan ba Ringim ba ne. Ruwan farko a nan guba ne. Kada ka kuskura ka taɓa buhun nan."

Ya dube ni, ya dubi busasshiyar ƙorama, ya fashe da dariya har da dukan cinya. "Ruwan Allah ne guba? To madalla. Saura ka ce mini rana ma a nan daga yamma take fitowa."

Na rantse masa. Ya ce ai ranar gunki ma na rantse. Na nuna masa farin gishirin da ke gefe, ya ce kanwa ce, su ma suna da ita. Muka rabu yana dariya, yana cewa ya gane, so nake in ga ko baƙauye zai yarda. A ransa ya ɗauka buhunan na hana akuyoyi ne ko na riƙe ƙasa, ranar ruwa zan ɗauke su kamar kowa.

Ranar ta zo ina 'Yankaba da lodin albasa. Tun azahar gabas ta haɗe, iska ta taso ta kwashe rumfunan leda, sannan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ina cikin rumfa hankalina kwance, har ina tsokanar dillalai, don na san bakina a toshe yake. Ashe Sa'idu ya tashi daga aikin safe, ya ga ruwa, ya tuna ba na nan. A wajensu babban abin kunya ne ɗan'uwanka ya yi tafiya ruwan farko ya wuce gonarsa kana gari. Ya ɗauki shebur ya ruga cikin ruwan.

Kuma abin da ya gani bai ƙaryata shi ba. Ruwan gari shi ke fara isowa, don masu kamfani sai sun ga ƙorama ta cika suke buɗe ramukansu, ja wur da tokarsa da kashin awakinsa, irin wanda ya sani tun yana yaro. Na kamfani a baya yake tahowa. Ya janye buhunan tsakiya, ya gyara hanya, ya tsaya ya ga ruwa ya kama fangali na farko da na biyu, ya koma gida ya canza riga yana jin ya yi mini abin arziki.

Na iso bayan la'asar. Tun daga kan titi hancina ya gaya mini. Na bar kwanduna a hannun mai mota na yanki gona da gudu. Fadama duk ta zama tafki baƙi, kumfa tana juyawa a kan latas, kan alayyafo kawai ake gani. Bakin a buɗe, ruwan yana ta shiga kamar an kira shi. Na faɗa ciki har cinya ina jawo buhuna. Ina cikin haka na ji muryarsa daga tudu, yana tahowa yana waƙa.

"Bawana! Fito da tukuici, yau ubangidanka ya yi maka aiki!"

Sai ya iso inda warin yake. Waƙar ta tsaya. Ya dubi ruwan, ya dube ni.

"Garba, mene ne wannan?"

"Abin da na gaya maka ne."

"Wallahi ja ne ya shiga. Na tsaya na gani da idona, ja ne."

"Kamo buhun can!"

Ya faɗo cikin ruwan da sabuwar rigarsa. Muka yi ta kokawa da ruwa, mu ajiye buhu ya ture, mu ajiye ya ture, sai da na kwanta a kansu da ƙirjina shi yana jerawa a bayana. Kafin magariba muka rufe, amma wanda ya shiga ya riga ya shiga, kuma fadama ba ta da ƙofar fita, kwanciya yake yi ya nutse. Washegari fatar ƙafafunmu ta yi jawur, daga baya ta riƙa saɓulewa.

Da ruwan ya janye na zagaya. Tana, tsutsar laka, ta fito daga ƙasa ta mutu a sarari, fangali bayan fangali, kamar an watsa zare. Kwaɗin rijiya suna yawo a sama ciki fari. Balbela ta sauka, ta ɗan taka, ta tashi, ba ta dawo ba. Da rana ta bugi ƙasar sai ta yi ɓawo fari da toka toka, idan ka taka ya karye kamar ƙanzo. Na damƙi ƙasar nan da take riƙe yatsu, ta wargaje a hannuna. A tudu gero ya tsiro lafiya lau, shinge ya tashi kamar kullum, ko'ina damina ta kama, ban da inda muka fi bukata.

Ban zauna ba. Ni da Sa'idu muka kankare saman ƙasar da shebur muka kwashe a baro. Ya bar dakonsa, na ce ya koma, ya ƙi. Tun daga ranar bai sake ce mini bawansa ba, ni ma bakina ya kasa ce masa baƙauye, kuma wannan ma yana cikin abin da aka cinye mana. Muka yashe rijiya har sau ba adadi. Muka zuba takin shanu, da buntun shinkafa, da duk tokar da matan unguwa suka tara. Na shuka kuɓewa, ta fito ta yi rawaya ta kwanta. Na shuka masara, ta kai gwiwa ta tsaya tana kallona. Da rani na gwada alayyafo a gefen da ya fi dama, ya ɗan yi, na kai wa Hajiya Talatu. Ta shinshina, ta daɗe, ta miƙo mini.

"Malam Garba, ka yi haƙuri."

"Na rijiya ne, Hajiya."

"Na sani. Rijiyar ce ba ita ba."

Ban yi fushi da ita ba, gaskiya ta faɗa. Ban kuma yi fushi da Sa'idu ba, ko da yake mutanen unguwa sun so in yi. Mutumin da ya fita cikin tsawa don ya yi wa ɗan'uwansa abin da ubansa da ubana suka koya mana, me zan ce masa? Fushina yana kan wanda ya mai da alheri laifi. Yana kan wanda ya sa dole in riƙa gaya wa manomi cewa ruwan sama abin gudu ne, har ya ɗauka wasa nake. Wannan fushin ban ajiye shi ba, kuma ba ni da niyya.

Mu manoman bakin ƙorama muka haɗu muka je ƙofar kamfanin da bututunsa ya fi girma. Aka ajiye mu a benci a rana, masu gadi suna toshe hanci wai muna warin taki, su da ke tsaron wancan ramin. Can wani jami'i ya fito da kwalbar ruwan sanyi a hannu. Dattijonmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mun zo neman diyya ba ne. A yi wa ƙoramar siminti, a ɗaga gefenta, ruwanku ya wuce gonakinmu bai taɓa su ba." Ya saurara yana gyaɗa kai. Ya ce da farko ba su kaɗai ke zuba ruwa ba. Na biyu, ko suna so, doka ba ta ba su damar yin gini a ƙasar da ba tasu ba. Ya ce Allah Ya ba mu haƙuri, ya koma ciki.

Damina ta biyu ta zo ta wuce, fadama ba ta ba gidan kowa ko kwandon kuɓewa ba. Alhaji Ilu ya tara dattawa a zaurensa. Na ce a ba ni lokaci, ƙasa tana warkewa, na fara ganin ciyawa a gefen gabas, kuma inda ciyawa ta yarda wata rana ganye zai yarda.

Ya ce, "Garba, ciyawa za mu ci? Magana aka yi a gaban mutane. Tana ciyarwa ko ba ta ciyarwa?"

Na ce, "Yaya, kashe ta aka yi."

"Ko ma wa ya kashe ta. Yanzu ma an rage mana daraja, in muka ƙara jira sai mu roƙi a karɓa."

Dattawa suka sunkuyar da kai, don sharaɗin nasu ne. Na roƙi a bar mini tsirin mangwaro a cikin rabona, aka bar mini. Sa'idu ya tattara ya koma Ringim kafin a zo awo, ya ce ba zai iya tsayawa ya ga an ja igiya a kanta ba. Don haka ku 'ya'yan Yaya, fadamar da za ku shigo ku noma, ku tambayi babanku inda take. Fangalin da kuka ɗauka a hoto shi ne abin da ya rage, da sabuwar rijiyar da na haƙa da hannuna.

Dillalin da ya saya bai faɗi wanda ya aiko shi ba, sai da motocin bulo suka iso muka ga tambarin da ke jikinsu. Kamfanin nan ne mai babban bututu. Suka zagaye fadamar da katanga, za su yi wurin ajiye fatu. Kuma kafin shamuwa ta dawo, sai ga magina a cikin ƙorama. Ashe ana iyawa. Suka zuba siminti ƙasa da gefe, suka ɗaga shi har ƙirjin mutum, sumul, don kada ruwansu ya ci gindin katangarsu. Yanzu ba ya tsayawa, ba ya nutsewa a hanya, a guje yake tahowa da ƙarfinsa duka.

Na je na duba aikin da aka gama. Sun auna shi daidai tsawon katangarsu, ko taku ɗaya ba su ƙara ba. Inda katangar ta ƙare, nan simintin ya ƙare, nan kuma gonata ta fara.